Tarakta Mai Fitsarin Kwance

Uwargida ce ta fara gani. Ta shiga gareji ɗebo albasa, sai ga ta ta fito tana ɗingisa ƙafa ɗaya, takalmin a hannu, ta ce, "Abban yara, motar nomanka ta yi fitsarin kwance."

Na je na duba. Ɗigo ne baƙi a kan siminti, bai wuce faɗin murfin kwalba ba, daidai cikin tayar baya ta dama. Na ce raɓa ce. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin raɓa mai maiƙo ba, balle a ɗaki mai rufi. Na yanko kwali na shimfiɗa a wurin, na ɗauka an kashe magana.

Bari in yi wa mutanen gida bayani, kada wani ya ji an ce tarakta ya zaci gandu gare ni. A gefen birnin Kolombus muke zaune, a jihar Ohayo ta Amurka, kuma gidan yana da fili gaba da baya, duk ciyawa. Ciyawa kore shar, irin wadda in Bafulatani ya gani zai yi hamdala ya kafa ruga. To amma nan ba mai cin ta. Aske ta ake yi, kusan duk mako, daga Afrilu har Oktoba. In ka bar ta ta yi tsawo, hukumar gari ta aiko maka takarda. In ka yi kunnen ƙashi, su turo a aske su aiko maka lissafi. Wannan ne ya sa na sayi 'yar tarakta ta hannu wurin wani tsoho. Ba ta kai A Daidaita Sahu girma ba. Wuƙaƙen yankan ciyawa a ƙarƙashinta, a baya kuma akwai inda nake maƙala amalanke in kai taki ɗan lambuna na yakuwa da kuɓewa da barkono. In na hau ta da yamma, hula a karkace, wallahi ji nake kamar Sarkin Noma.

Kwali ya yi mako biyu yana shan mai. Na canza shi sau uku, kullum da asuba kafin kowa ya tashi. Daga nan tarakta ta fara nishi in za ta hau ɗan tudun bayan gida, kamar tsohuwar da aka ɗora wa dakon gero. In na juya ta daga gaba zuwa baya kuma sai in ji "ƙwal!" a ƙarƙashin kujera, har cikin ƙashin bayana.

Irin wannan tarakta ba ta da giya ta ɗaya da ta biyu. Feda ce: ka taka gaba ta yi gaba, ka taka baya ta yi baya. Mai ne ke yin aikin. Tsakanin tayoyin baya akwai wata tukunyar ƙarfe, cikinta famfo yana tura mai da ƙarfi, man ya juya wani ɗan inji, shi kuma ya juya aksil, wato sandunan ƙarfen da tayoyin ke kai. Mai ya ragu, ƙarfi ya ragu. Duk wannan daga baya na sani. A lokacin ni dai na fi karkata ga cewa baki ne ya kama ta.

Na buga wa masu gyara waya. Kuɗin zuwa ɗauka daban, kuɗin dubawa daban, aiki kuma awa-awa ake lissafa shi, sannan akwai layi na makonni saboda lokacin aske ciyawa ne. Na mayar da kuɗin naira a kaina, na ga rago ne sukutum har da dusarsa. Na ce wa matar na gode, zan yi shawara. A Kano ban taɓa riƙe sifana ba. Mota ta yi tari, ka gangara gindin bishiya, yara biyar su shige ƙarƙashinta, kai kana kan benci kana cin gyaɗa. Amma nan sai na ji wani ƙarfin hali ya taso mini. Na sanar a gida cewa da hannuna zan gyara. Tun daga ranar Uwargida ta daina ce mini Abban yara, ta koma "Injiniya".

Ina da taubashi a Kano, bakanike ne, ya fi shekara 20 yana harka a wajen Ƙofar Ruwa. Tsakaninmu awa 5 ne a wannan lokaci na shekara, don haka na kira shi ta bidiyo da hantsina, shi kuma la'asar ta kusa. Watan Yuni ne na 2023, ba a yi wata guda da cire tallafin fetur ba. Na haska masa tarakta, na haska masa filin. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Bawana, tsaya in fahimta. Mu nan lita ta haura naira 500, masu mota sun koma babur, masu babur sun koma sayyada. Kai kuma kana ƙona fetur ka aske ciyawa ka zuba a shara? Ragon layyar da ka aiko kuɗinsa, ni nake saya masa harawa kullum!"

Na ce ya bar wa'azi ya duba mini aksil. Ya sa na kwanta na kai wayar ƙarƙashi. Kallo ɗaya ya yi ya ce, "Oyilsil ne. Roba ce 'yar zagaye mai tare mai inda ƙarfen ya fito. Cire taya, ƙwaƙule tsohuwar, buga sabuwa. Yarona ɗan shekara 12 zai yi shi kafin shayi ya huce."

Kwana 9 na yi.

Na ɗaga gindinta da jak, na tokare da bulon siminti. Na ɓalle murfin tsakiyar taya, na zare wani ɗan maƙalen ƙarfe mai kama da kofaton doki. Ya yi tsalle ya bar garejin ta sama, sai washegari aka same shi cikin kwandon albasa. Saura in ja taya ta fito. Na ja. Na girgiza. Na zauna a ƙasa na tokare da ƙafa biyu na yi bisimilla na ja. Tsatsa ta ɗaura wa taya da aksil aure irin na zobe. Taubashi ya ce, "Guduma." Na ɗauko guduma na shiga jibgar kan ƙarfen.

Ƙarar ce ta fito da maƙwabcina. Dattijon Bature ne da ya yi ritaya daga aikin masana'anta, irin mutanen da ciyawar gidansu kamar an shimfiɗa darduma. Ya tsaya bakin gareji, hannu a aljihu, ya kalli guduma, ya kalli bulo, ya kalle ni. Bai ce komai ba ya juya. Na ce alhamdu lillahi. Ashe kaya ya je ɗaukowa. Ya dawo da matokaran ƙarfe biyu, ya ce bulon siminti ba ya sallama kafin ya fashe, kuma ba ya son ganin motar asibiti a layinmu. Ya shafa kan aksil ɗin da yatsa, ya nuna mini yadda dukana ya fara baje bakinsa kamar laimar kwaɗi. Ya ce da na ƙara goma, tayar ba za ta fita ba har jikokina. Ya goge bakin da zarto, ya fesa man sassauta tsatsa, ya ce a bar shi ya kwana biyu.

Na faɗa wa taubashi. Ya ce, "Kwana biyu? Shi ya sa Turawa ba sa gama aiki."

Ranar ta uku dattijo ya kawo wani ƙarfe mai farata uku da ake murɗawa ya zaro taya. Yana murɗawa, ni kuma don kada a ce ba da ni aka yi ba, na rungume tayar ina ja. Ta saki gaba ɗaya ba gargaɗi. Na tafi da baya, taya a ƙirji, na zauna daram cikin kwanon da na tara baƙin mai. A daidai lokacin na ji wani abu ya faɗi "ƙil" a kan siminti. Ɗan guntun ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, kamar gutsuren alli. Gabana ya faɗi. Na tabbata wani abu na karya da gudumata. Dattijo yana can yana neman tsumma, na yi wuf na cusa shi a aljihun baya.

Da na miƙe na leƙa inda tayar ta fita, sai na ga abin da ya fi wannan tayar da hankali.

A bara an yi shari'a a gidanmu. Uwargida ba ta yarda da injin busar da kaya ba a kan atamfa da leshi, sai rana, don haka tana da igiyar shanya shuɗiya a bayan gida. Wata rana igiya ta ɓace. Na ce iska ce. Da aka ƙi yarda na ce yara ne. An tsare yara, an yi kuka, an hana kallon talabijin kwana biyu. Ni ne ma na yi musu nasiha a kan riƙon amana. To ga igiyar nan, shuɗiya, ta nannaɗe aksil tamau, zafi ya narkar da ita ta zama kamar ƙaho, ta ci robar oyilsil ta cinye. Na tuna ranar sarai. Ta faɗo cikin ciyawa, na bi ta kai, na ji wani ɗan "fir-fir-fir", na ƙara wuta.

Dattijo ya ce abin da ya fi kashe wannan roba ke nan, igiya ko zaren kamun kifi. Na ce lalle mutane ba su da kula. Na sa wuƙa na yanyanke ta, na tura gutsattsarin aljihu ɗaya da guntun ƙarfen.

Shi kuwa ya riga ya kwanta da tocila yana duba sama. Ya kama tukunyar ya girgiza, sai ta yi lilo. Ƙarafa biyu ne ke riƙe ta da jikin tarakta. Ɗaya ya karye ɗungurungum, bakin karayar har ya yi tsatsa, ɗayan kuma saura ƙiris. "Ƙwal" ɗin da nake ji ke nan. Ya ce, "Me kake ja da ita?" Na ce ɗan taki ne. Ya ɗaga kai ya dubi tagar gareji, inda ake hango kututturen bishiyar da na ɗaura wa sarƙa a kakar bara, na yi yini guda ina fizga da tarakta. Ashe yana barandarsa yana shan gahawa yana kallo. Kututturen yana nan har yau, ko gezau.

Kwance ƙarafan ma sai da ya zama labari. Akwatin sifanata na milimita ne, irin lambobin da na saba ji a gida. Taubashi ya ce in ɗauko lamba 14. Ta ƙi shiga. Na ɗauko 15, ta yi sako-sako. Kusoshin na inci ne, 9/16, wato milimita 14 da ɗan ɗoriya, ba nan ba can. Taubashi ya ce in buga 14 da guduma za ta shiga dole. Ni kuma na ji tsoron dattijo ya sake jin ƙarar guduma, sai na murɗa da 15 a hankali, a hankali, har kan notin ya zama mulmulalle kamar goro. Dattijon dai ya ji. Ya zo da nasa akwatin.

Shawarar taubashi a kan karyayyun ƙarafan ita ce in yanko tsohon tif in ɗaure tamau, in bi da waya. Ya rantse akwai motar itace da ya yi wa haka tana zuwa Falgore har yanzu. Da ya ga ban gamsu ba ya ce to a yi walda a nan inda suke. Dattijo ya nuna mini tankin fetur, ɗani ɗaya daga wurin. Muka cire su, ya tafi da su garejinsa, ya yi musu walda, ya ƙara musu faci, har da fenti baƙi. Na kai masa kwanon dambun nama. Ya tambaye ni ko ana jiƙa shi ne kafin a ci.

Saura oyilsil. Ya koya mini dalla-dalla kafin ya tafi ganin jikokinsa: a murɗa 'yar kusa a jikin tsohuwar a fizgo ta, a naɗe ramin da ke jikin aksil da salatif don kada kaifinsa ya yanki sabuwar, a shafa mai, a tura ta da guntun bututun roba a hankali har ta zauna daidai. Duk na yi. Abu ɗaya bai faɗa ba, don bai zaci akwai mai buƙatar a faɗa masa ba. Robar tana da fuska biyu: ɗaya sumul, ɗaya mai rami da ɗan zoben waya. Mai zoben ita ke kallon ciki, wajen mai. Ni kuwa na ga sumul ɗin ta fi kyau, na ce ita ta cancanci ciki. Da safe abin ya wuce fitsarin kwance, ya zama ambaliya.

Na koma kanti na sayi wata robar, da man 20W-50, da buhun yashin da ake zuba wa kyanwa ta yi bayan gida, don dattijo ya ce ba abin da ya fi shi shanye mai a siminti. Yarinyar da ke karɓar kuɗi ta yi murmushi ta ce yaya sunan kyanwar tawa. Na ce Tarakta. Ta ce suna mai daɗi. Tsohon man kuma na juye a jarka na kai musu, don nan zuba shi a lambatu laifi ne. Taubashi ya ce asara biyu ke nan, da a gida ne da an shafe azara da shi saboda gara.

Bayan an zuba sabon mai, sai an fitar da iskar da ta shiga, in ba haka ba famfon kumfa zai riƙa turawa. Tayoyin baya a sama, a ja wata 'yar sanda da ke baya, a tayar da inji, a taka gaba a taka baya sau da yawa, a mayar da sandar a sake. Matsalar ita ce ina son in ga tayoyin suna juyawa, ita kuma tarakta an yi ta ne yadda da ka ɗaga daga kujera inji zai mutu, don kada mutum ya faɗo wuƙaƙe su bi ta kansa. In zauna, ba na gani. In tashi, ta mutu. Sau shida muna wannan wasan. Daga ƙarshe na shiga sito na ɗauko buhun shinkafar Sallah na ɗora a kujera, na danna da jarkar man gyaɗa. Inji ya ci gaba da ruri, na durƙusa ina danna feda da hannu, na ga tayar hagu tana juyawa kamar fanka. Ta dama ban duba ba, tana wancan gefen, kuma ai tare suke. Na mayar da shinkafa. Har yau in an tuna tuwon Sallar nan sai wani ya ce yana da wani ɗan ƙamshi.

Sallah ta kama Laraba, 28 ga Yuni. Hayaƙin gobarar dajin Kanada ya rufe Ohayo a ranakun, gari ya yi fari fat kamar hazon hunturu a Kano, har na ji kewar gida. Na je Idi da baƙin mai a ƙarƙashin farce, ina gaisawa da mutane ina naɗe yatsu. Bayan azahar iyalai biyu 'yan gida suka zo cin abinci. Da aka ƙoshi, na ce a fito a ga aiki. Na kira taubashi, na ba babban ɗana waya ya riƙe. Can Kano an yi magariba, suna zagaye da kayan cikin ragona.

Na naɗe babbar rigar shadda a kafaɗa, na hau, na gyara hula. Na murɗa makulli, ta tashi bugu ɗaya. Aka yi tafi. Na ɗaga hannu kamar mai hawan daba, na taka feda.

Inji ya yi ruri. Tarakta ba ta motsa ba.

Na ƙara wuta. Na taka baya. Na taka gaba. Na ɗan riƙa turo ƙugu gaba, ko za ta ji kunya. Ko taku ɗaya. Wani yaro ɗan baƙi, bai fi shekara 7 ba, ya tsuguna ya ce, "Kawu, ƙarfen tsakiya yana juyawa, amma tayar tana tsaye."

Daga cikin waya na ji taubashi ya ƙware da hanta. Da ya samu numfashi ya ce, "Bawana, ina ki?" Na nuna masa makulli. Ya ce, "Ba wannan ba! Ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu! Akwai rami a jikin aksil, akwai rami a cikin taya, shi ke shiga tsakani ya haɗa su. In babu shi ƙarfen zai yi ta juyawa shi kaɗai, ƙarfin duka ya gudu can inda babu nauyi, ɗaya tayar ma ta zauna. Ruwa ai ba ya hawa tudu. Ina ka kai shi?"

Na ce ban taɓa ganin wani abu mai kama da haka ba.

Ban lura da lokacin da Uwargida ta shiga gida ba. Sai ga ta ta fito da ɗan faranti an rufe da faifai, tana tafe a natse cikin leshinta na Sallah. Baƙi suka buɗa mata hanya, an zaci soyayyen nama ne. Ta zo gaban tarakta ta ɗan rusuna, ta ce, "Injiniya, ga tsarabar wanki. Tun shekaranjiya na same su a aljihun wandonka, na ce bari in adana sai an nema."

Ta ɗaga faifan. Ɗan guntun ƙarfen yana tsakiya, an wanke shi tas. Gutsattsarin shuɗiyar igiya kuma an jera su kewaye da shi kamar yankan albasa.

Yarana biyu suka matso suka leƙa farantin, suka ɗago suka kalle ni. Ƙaramar ce ta ce, "Umma, ba ita ce wadda iska ta ɗauke ba?"

Inji yana ta ruri a ƙarƙashina. Na miƙe don in yi bayani, ya mutu, wurin ya yi tsit.

Sanya ki ɗin bai ɗauki minti 10 ba, kuma tun daga ranar ko ɗigo ba ta sake yi ba. Kafin a ba ni shi dai sai da na yi alkawarin sabuwar igiya da turaku biyu na ƙarfe, yara kuma aka biya su bashin talabijin na kwana biyu har da riba. Taubashi ya ce kuɗin aikinsa a haɗa masa da kuɗin shara. Ban san ya ɗauki hoton allon wayarsa ba sai da dare, da na buɗe zauren danginmu na WhatsApp. Ga ni nan kan tarakta, babbar riga a kafaɗa, hannu a sama, baki a buɗe, an rubuta a ƙasa: "Barka da Sallah daga Injiniyan Amurka." Mutum 14 sun riga sun mayar da shi sitika. Ta farkon da ta turo ita ce Hajiyarmu.